Allurar geji ta kwanta a sifili amma wai har yanzu akwai iska a ciki?

Zee_fiziks:
Assalamu alaikum, dan Allah masu fiziks ku taimaka min. A lab muna da wata tukunyar ƙarfe da ake zuƙe iskar cikinta da famfo, geji biyu ne a jikinta na auna matsin iska, ɗaya mai allura kamar agogo ɗaya kuma lamba yake nunawa. Ko minti biyu ba a yi da kunna famfo allurar ta kwanta a ƙarshe, ni a ganina aiki ya ƙare kenan, amma ɗayan sai sauka yake ta yi, 1, 0.1, 0.01. Kuma malaminmu ya ce sai mun zana giraf a takardar log ɗin nan da layukanta ba su da tazara ɗaya. Meye amfanin wannan wahalar?

Injiniya_Bash:
Wa alaikis salam malama. Iskar da muke shaƙa matsinta wajen milibar 1013 ne, ko torr 760 in da wancan ma'aunin kuke aiki, wanda ya ci sunan Torricelli ɗan Italiya da ya auna nauyin iska da zaiba a 1643. Toh fuskar gejin allura an raba ta ne daidai wa daida daga 1000 zuwa sifili, ki ƙaddara tsawon layin santimita 20 ne, milibar 1 zai ci milimita 0.2 kacal, kaurin allurar ma ya fi haka, shi ya sa duk abin da ke faruwa ƙasa da 1 ba ta ganinsa, alhali can ne ainihin aikin bakiyum yake, wato yanayin da aka zuƙe iska kusan duka.

Takardar log kuwa kowane ninki goma tazara ɗaya take ba shi, daga 1000 zuwa 100 daidai yake da daga 0.1 zuwa 0.01. Kuma famfon ma a haka yake tafiya, kaso yake ɗiba daga abin da ya rage a ciki, in ya ɗau sakan 20 daga 1000 zuwa 100 toh wajen sakan 20 ɗin zai sake ɗauka daga 100 zuwa 10. Ki zana ki gani, layi zai sauko miƙe sambal, inda ya fara lanƙwasa nan ne ko famfo ya kusa iyakarsa ko akwai yoyo a wani gun.

Zee_fiziks:
Nagode sosai. Amma fisabilillahi 0.001 ai kusan babu ne ko?

Abu_Hanan:
Ina fa babu 'yar uwa! A milibar 0.001 kowane santimita kubik yana ɗauke da ƙwayoyin iska wajen tiriliyan 25. Abin da ya canza shi ne tafiyarsu, a wannan matsin ƙwaya tana yin kamar santimita 7 kafin ta yi karo da wata, in kika sauka zuwa 0.000001 sai ta yi wajen mita 70. A gejin allura duka biyun sifili ne.

Mai_gyaran_lab:
Bari in ɗora kaɗan. Gejin lambar nan naku ina kyautata zaton Pirani ne, wata 'yar siririyar waya ce a ciki ake ɗumama ta da lantarki, iska na kwashe mata zafi, in iska ta ragu wayar ta ƙara zafi, daga nan ake lissafo matsin. Shi ma yana da iyaka, ƙasa da 0.001 ya fara rikicewa sai a koma gejin ayon, wani geji na auna matsi mai ƙasa sosai, wannan kuwa in mai filamen ne (wayar da ake zafafawa da lantarki) kar ki kuskura ki kunna shi kafin matsi ya sauka, nan take zai ƙone.

Sannan wlh ba ko yaushe yoyo ne ke lanƙwasa layin ba, sau da yawa tururin ruwa ne da ya manne a bangon tukunyar yake fita a hankali, har maiƙon yatsa ma yana hana matsi sauka, shi ya sa ake sa safar hannu. In kina so ki bambance, rufe bawul ɗin famfo ki zuba wa gejin ido: in yoyo ne matsi hawa zai yi ta yi ba sassauci, in tururi ne kuwa ya hau da sauri da farko sannan ya fara lafawa.

Zee_fiziks:
Allah ya ƙara basira. Zan gwada na bawul ɗin, amma minti nawa zan jira kafin in yanke hukunci?