Wane suna za mu raɗa wa «dark ride» da Hausa?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wani rubutu ne a kan wuraren shaƙatawa na Disney, sai wata kalma ta tsaya mini a maƙogwaro, wato «dark ride». Ga wanda bai san abin ba, gini ne rufaffe da ba taga. Za a zaunar da kai cikin kwalekwale ko wata ƴar mota a kan dogo, ta riƙa tafiya da kai sannu a hankali daga ɗaki zuwa ɗaki, kowane ɗaki an shirya wani yanki na labari da mutum-mutumi masu motsi da fitilu da sauti. Ba kai ke tuƙi ba, ba kai ke zaɓen hanya ba. Wanda rubutun ya fi mayar da hankali a kansa shi ne Pirates of the Caribbean, na ƴan fashin teku, da aka buɗe a Disneyland ta Anaheim a jihar Kalifoniya ranar 18 ga Maris 1967, wata uku bayan mutuwar Walt Disney. Na ajiye «lilon duhu» kafin a samu wanda ya fi shi, amma bai kwanta mini ba. A taimaka.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Baban Amira, me ya same shi? Yaranmu duk abin da suka hau a gidan wasa ranar Sallah lilo suke ce masa, mai juyawa ne ko mai cilla mutum sama. Ka bar shi haka, kowa zai gane.

Injiniya: Hajiya, a yi mini afuwa, ni rabi da rabin duk ban yarda da su ba. Lilo kai da komo ne, ko juyi a wuri ɗaya, kuma abin da yaro ke nema a cikinsa hajijiya ce da faɗuwar gaba. Wannan kuwa tafiya ce mai farko da ƙarshe, har kaka mai jika a cinya tana iya shiga. Duhun ma yaudara ce. Akwai wanda ake kira «it's a small world», da aka fara nunawa a baje kolin duniya na Niyok a 1964, cike yake da ƴan tsana masu rawa da launuka, haske tar ko'ina, amma duk da haka cikin wannan jinsin ake lissafa shi. Duhu kayan aiki ne kurum. Shi ke ɓoye rufi da wayoyi da bango, idonka ba ya sauka sai inda aka haska maka. A na ƴan fashin nan akwai inda kwalekwale ke ratsa garin da ke ci da wuta, kana ganin harsunan wuta ta tagogi da bayan ginshiƙai, alhali ƙyalle ne fanka ke kaɗawa an dalle shi da jar fitila. A kunna fitilun ginin gaba ɗaya, gobara ta mutu nan take. To idan muka ce «duhu», mai karatu zai ɗauka ɗakin tsoro ne kawai.

Ɗan Damagaram: Gaskiyar Injiniya. Mu nan da Faransanci muke cin karo da shi, kuma sunan da aka fi ji ma'anarsa «jirgin fatalwa». Amma wannan reshe ɗaya ne, na ban tsoro, irin wanda aka buɗe a Blackpool ta Ingila a 1930. Kafin shi da shekara biyu, a 1928, wani Ba'amurke Leon Cassidy ya fito da ƴar mota mai bin dogo ɗaya tal tana kwana-kwana a cikin duhu, kamfaninsa Pretzel ya sayar da su barkatai. Kafin wannan ma akwai na ruwa, inda kwalekwale ke bin magudana cikin rami. Ni dai «hawan duhu» ya zo mini, ko «hawan kallo».

Auta: Hawan kallo? Yaya, wallahi da na karanta dawakin Hawan Daushe na gani. Me zai hana a yi masa irin ta a-daidaita-sahu da a-kori-kura, a ce masa «zauna-a-kai-ka»?

Maman Khalifa: Auta ba ka da dama. Wannan ai sunan motar haya ne.

Malam Na-Zazzau: Ku bar yaron nan, bai yi nisa da hanya ba, don ya gano cewa ɗaukar mutum ake yi a kai shi. Amma kafin mu yanke, Baban Amira, ba mu tarihin wannan na ƴan fashin sosai. Ba a raɗa wa yaro suna ba a ga fuskarsa ba.

Baban Amira: To, Allah gafarta Malam. Da farko ma ba abin hawa aka nufa ba. Gidan kallo aka tsara, na gumakan kakin zuma a ƙarƙashin ƙasa, mutane su bi da ƙafa suna duba shahararrun ƴan fashin teku, har an haƙa ramin. Baje kolin 1964 ne ya sauya lissafi. A can kamfanin ya ga abu biyu: kwalekwale na kwashe jama'a da yawa a awa ɗaya fiye da yadda tafiyar ƙafa za ta yi, sannan mutum-mutumin tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln da suka ƙera, mai tashi tsaye ya yi jawabi, ya ɗauki hankalin mutane. Sai aka haɗa biyun. Ramin da aka haƙa ya yi kaɗan, don haka aka gina wani ƙaton gini a bayan layin dogon da ya kewaye wurin. Gangara biyu da kwalekwalen ke yi a farkon tafiya, waɗanda mutane ke ihu a kansu, dabara ce ta saukar da shi ƙasa don ya wuce ƙarƙashin layin dogon ya shiga wancan gini.

Marc Davis, tsohon mai zanen katun na kamfanin, shi ya zana mutanen da abin dariyar da ke tsakaninsu. Claude Coats ya tsara wuraren, kogo da tashar jirage da gari. Blaine Gibson ya sassaƙa fuskoki, Alice Davis ta yi tufafi, X Atencio ya rubuta maganganu da baitocin waƙar, George Bruns ya yi kiɗan. Abin da ya ɗaure Marc Davis shi ne kwalekwale ba ya tsayawa, saboda haka dole kowane ɗaki a gane shi da kallo ɗaya. Shi ya sa za ka ga fursunoni uku a bayan ƙarafa suna miƙa wa kare ƙashi, karen na zaune da makullai a baki yana kallonsu. Ba sai an yi maka bayani ba. Ana ba da labarin cewa Atencio ya damu da yadda muryoyi ke hawa kan juna, sai Walt Disney ya ce masa a bar su, kamar wurin walima ne, ka tsinci wannan yau, gobe in ka dawo ka tsinci wancan.

Sai kuma sauye-sauye, waɗanda su ne rabin rubutun da nake fassarawa. A 1967 akwai inda ƴan fashi ke bin mata da gudu suna zagaye, da wani ƙaton ɗan fashi da ya gaji ya zauna jikin ganga, riƙe da takalmin wata mace da rigarta ta ciki, yana tambayar inda ta shiga, ita kuwa tana leƙowa daga cikin gangar a bayansa. A 1997 aka gyara: aka ɗora wa matan farantan abinci, aka mayar da gudun na neman abin kai wa baka, ƙaton nan aka ba shi nama a hannu, kyanwa ta maye gurbin matar a ganga. Atencio bai ji daɗi ba, ya yi ba'a cewa ƴan fashi aka ce, ba ƴan sikawut ba. A 2003 aka yi fim a kan abin hawan, fim ya karɓu, sai a 2006 jarumin fim ɗin, Jack Sparrow, mai fuskar Johnny Depp, ya shigo cikin ginin da ya haife shi. Yanzu ƙaton yana riƙe da taswirar dukiya da makulli, mai leƙowa daga ganga kuwa Jack Sparrow ne. Ganga ɗaya, mazauna uku.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne gwanjo. Shekara hamsin ana nuna matan garin ɗaure da igiya a layi, an rataya ƙyallen da ke cewa kowa ya zo ya sayi amarya, ƴan fashi na ƙetaren ruwa suna ihun a ba su mai jan gashin nan. A 2017 aka sauya shi a Disneyland ta Faransa, a 2018 na Fulorida da Kalifoniya suka bi. Yanzu mutanen gari ne ke layi suna miƙa kayansu, har da kaji, mai jan gashin kuma ta zama ƴar fashi mai suna Redd, da bindiga a hannu. Ni a ganina cire gwanjon daidai ne, wurin da ake kai yara bai kamata a mayar da cinikin mutane abin dariya ba. Na 2006 ne ban ga dalilinsa ba sai talla.

Malam Na-Zazzau: Madalla. To ga tawa. Rabin farko «jirgi». Ku duba yadda Hausa ta yi da kalmar nan: asalinta na ruwa ne, da Bature ya kawo dogo muka ce jirgin ƙasa, da ya tashi sama muka ce jirgin sama. Abin nan kuwa duka ukun yana da su. Na ƴan fashi a ruwa yake, na Cassidy a kan dogo, kuma in ban da Injiniya zai gyara mini, akwai wanda ke rataye.

Injiniya: Akwai, ranka ya daɗe. Peter Pan's Flight, tun 1955, dogon a sama yake, kana rataye kana kallon birnin Landan da dare a ƙarƙashinka.

Malam Na-Zazzau: Ka gani. Babu wata kalma da za ta ɗauki ukun nan sai jirgi. Rabi na biyu kuma «tatsuniya». Ba a tatsuniya da rana, sai an yi duhu an kashe hayaniya, don haka duhun da Bature ya sa a sunansa yana ciki ba sai mun ambace shi ba. Mai sauraro ba ya juya akalarta, yana bi ne har a kai ƙurunƙus. Sannan abin da Baban Amira ya zayyana yanzu, ai haka kowace tsohuwa ke yi wa Gizo da Ƙoƙi: ƙashin labarin yana nan, amma ta duba yaran da ke gabanta ta cire wani abu ta cusa wani. Ni «jirgin tatsuniya» na ce.

Ɗan Damagaram: Baba, ya yi daɗi a baki. Sai dai ba dukansu ne ƙagagge ba. Spaceship Earth da ke Epcot, wani wurin shaƙatawa na Disney a Fulorida, na 1982, tarihin sadarwa yake nunawa, daga zanen kogo zuwa injin ɗab'i zuwa kwamfuta. Wannan ba tatsuniya ba ce. «Jirgin labari» ba zai fi faɗi ba?

Maman Khalifa: Jirgin labari kuma sai ka ce shirin rediyo na ƙarfe shida. A'a. Na janye lilona, ina bayan Malam.

Malam Na-Zazzau: Ɗana, ƙorafinka na kan hanya, amma suna ba ma'ana ce ta ƙamus ba. Sunan Turancin ma ya kasa ɗaukar mai haske, bai hana su amfani da shi ba. Idan an zo kan irin na Epcot, mai rubutu ya ƙara bayani, ya ce jirgin tatsuniya ne mai ba da tarihi. «Jirgin fatalwa» naka kuwa mu riƙe shi ga na ban tsoro kaɗai, ya zama ɗa a ƙarƙashin uwa.

Injiniya: Na yarda. Saura ɗakunan. A littattafan wasan kwaikwayo «fitowa» ake cewa, amma a nan ba su ke fitowa ba, kai ake kai wa wurinsu. Ina ganin «zango» ya fi: zangon rijiya, zangon gwanjo, zangon gobara, zangon kurkuku.

Auta: To ni zauna-a-kai-ka ɗina fa?

Malam Na-Zazzau: Riƙe abinka, Auta. In yaran gari suka ɗauka, ba mai hana su.

Baban Amira: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya ƙara basira. Abin da zan sa ke nan: jirgin tatsuniya, jam'i jiragen tatsuniya, kowane ɗaki zango, na ban tsoro jirgin fatalwa. A karon farko zan kawo sunan Turancin da bayanin layi ɗaya, daga nan Hausa zalla. Ga jimlar farko da na gwada, a duba mini: «A 2018 kamfanin Disney ya sauya zangon gwanjo a jiragen tatsuniyarsa biyu da ke Amurka, shekara guda bayan ya sauya na Faransa.»

Ɗan Damagaram: Ta zauna. Ka dai ƙara «na ƴan fashin teku» bayan «tatsuniyarsa», don jiragen da suke da su a Amurka sun fi biyu nesa ba kusa ba.