Excel yana rufe kansa da zarar na taɓa kalar akwati: wa ya taɓa fama da haka?

Malamar lissafi, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibaina a Excel. Da na zaɓi akwatunan maki na danna Ctrl da 1 don in sa musu layin gefe ko kala, sai allon ya yi fari fat, Not Responding ya fito a sama, can sai ya rufe kansa. Jiya sau huɗu. Ranar Alhamis za mu raba katin sakamako, don Allah a taimaka.

Mai shagon buga takardu, Zariya:
Wa alaikumus salam Malama. Ki fara buɗe sabon fayil da babu komai a ciki, ki danna Ctrl da 1. In ya sake maƙalewa, ciwon yana jikin kwamfutar. In ya yi lafiya lau, fayil ɗinki ne. Ni firinta ce ta ba ni wuya. Excel yana tuntuɓar direban firintar da aka sa a gaba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, don sanin yadda rubutu zai zauna a takarda. Tamu tana wurin mai gyara, kwamfuta kuwa tana ta nemanta. Da na sa Microsoft Print to PDF, wato firintar cikin kwamfuta mai fitar da fayil maimakon takarda, a madadinta, ban ƙara ganin matsalar ba.

Akawun ƙungiyar manoma, Funtuwa:
Malama, fayil ɗin naki ne ko gadonsa kika yi? Dalilin tambayata, ni na gaji littafin bashin taki daga akawun da ya gabace ni, tsohon fayil mai ƙarewa da xls. Irin wannan, na zamanin Excel 2003, ba ya ɗaukar fasalin akwati daban-daban fiye da kusan 4,000. Daga Excel 2007 aka zo da xlsx mai ɗaukar kusan 64,000. Za ki ce ina mutum zai kai haka, amma kowace gamayyar kala da girman rubutu da layin gefe, fasali guda ake ƙirga ta. Kuma duk lokacin da kika kwafo daga wani fayil, da kayan kwalliyarsa yake tahowa. Nawa har ya rubuto min Too many different cell formats. Na buɗe sabon xlsx, na kwashe alƙaluman da Paste Special, na zaɓi Values kawai, sannan na sake yi masa kwalliya da kala biyu rak. Yini guda ya ci min, amma na huta.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Sakkwato:
Anti, ki riƙe Ctrl lokacin buɗe Excel, zai tambaye ki ko ki shiga Safe Mode, wato ya buɗe ba tare da ƙarin manhajojin da aka liƙa masa ba. In ya yi aiki a can, to mai yiwuwa wata ƙaramar manhaja ce da aka liƙa masa. Ki shiga File, Options, Add-ins, ki kashe su ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin komai ki ajiye kwafin fayil ɗin a filas.

Malamar lissafi, Kano:
Allah ya saka muku da alheri. Sabon fayil bai yi gardama ba, ashe nawa ne, kuma Malam Akawu ya canka, gadonsa na yi. Na danna Ctrl da End, maimakon in tsaya a layi na 62 inda ɗalibar ƙarshe take, sai na ga kaina a layi na 1,048,576, ƙarshen shafin ke nan. Sannan na duba Conditional Formatting, Manage Rules. Dokar da ke mai da makin da bai kai 40 ba ja ta hayayyafa, na yi ta gangarawa ban ga ƙarshenta ba, saboda kowane zango kwafe layuka muke yi muna liƙawa. Na share dokokin duka da Clear Rules, na goge layukan banza na ƙasa, na ajiye, na rufe, na sake buɗewa, sannan na rubuta dokar sau ɗaya tak. Yanzu na gama sa wa aji biyu layin gefe, saura ɗaya, da yardar Allah in gama bayan la'asar.