Siffar ƙololuwa: kwalliya ce ko ita ce aikin?

Ɗaliba: Assalamu alaikum malamai. Ina tace bayanan eksire na garin ZnO (zinc oxide) da hanyar Rietveld, wato daidaita zanen lissafi da ƙololuwowin da na'ura ta auna, a manhajar FullProf. Wani ya ce in saki U, V da W, ma'aunan faɗin ƙololuwa, su yi yadda suka ga dama, in dai Rwp, ma'aunin kuskuren daidaitawar, ya sauka an gama, wai siffar ƙololuwa kwalliya ce kawai. Na saki, ya ɗan sauka, amma ƙololuwar 002 (lambar shimfiɗar atom ɗin da ke ba da ita) a digiri 34.4 ta ƙi zama. Ta fi 100 da 101 da ke gefenta siranta.

Yaya: Ni ne wanin, kuma ina nan a kan bakana. Matsayin atom kike nema, shi kuwa daga yawan hasken da ke ƙarƙashin ƙololuwa yake fitowa, ba daga ƙibarta ba. Rietveld kansa a 1969 siffar Gauss, mai kamar ƙararrawa, ya ɗauka, aiki ya yi kyau.

Dakta: Da niyutiron ya yi aiki a Petten, a Holan, inda ƙololuwa ke da faɗi, kusan Gauss zalla. Na'urar eksire ta ɗakin gwaji ba haka take ba: ƙololuwa na jan jela irin ta Lorentz. Ka ɗora mata Gauss, jelar sai ta zube cikin layin ƙasa da ƙololuwowi ke tsaye a kai, hasken ya ragu, ma'aunin girgizar atom ya shanye kuskuren. Ga matsayin atom ɗin naka ya gurɓata.

Yaya: To a sa pseudo-Voigt, gaurayen Gauss da Lorentz, Dakta, shi ke nan.

Dakta: Bai isa ba. U, V, W na Caglioti ne tun 1958, kusurwa kaɗai suka sani. Ƙololuwa uku tsakanin digiri 31.8 da 36.3 dole su ba su faɗi kusan ɗaya. Ɗiyata, garinki ƙila ƙwayoyinsa dogaye ne kamar tsinke ta gefen c, alkiblar da 002 ke aunawa, shi ya sa 002 ta rame. Faɗin ya dogara da alkibla. Nemi samfurin girman ƙwaya mai bin alkibla; in tauyewar ciki ce, akwai na Stephens na 1999.

Mai kula da na'ura: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Kun auna LaB6 kuwa, garin da ake gwada faɗin da na'ura ke bayarwa da shi? Kwalbar na nan a durowa tana ƙura, ba mai tambaya. A fara da shi, a kulle rabon na'ura, sannan a saki na gari. Girman ƙwaya na tafiya da 1/cosθ, tauyewa da tanθ, inda θ ke nufin rabin kusurwar ƙololuwa. In ba a cire na'ura ba, duka biyun ƙarya za su faɗa.

Yaya: Wannan na yarda. Amma ku ma ku yarda: a yi ta ƙara ma'auni har layin bambanci tsakanin awo da lissafi ya miƙe, shi ma yaudarar kai ce.

Ɗaliba: Baba mai na'ura, gobe da ƙarfe tara na'urar babu kowa? Zan zo da garin, a fiddo kwalbar.