Ɗana na neman izinin zuwa kamun kifi a saman ƙanƙara, ina neman shawara

Malamin makaranta mai ritaya, unguwar Birni, Damagaram:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina da ɗa da ke karatu a lardin Kebek na ƙasar Kanada, kuma wannan ne hunturunsa na farko a can. Ya kira ni yana neman izinin bin abokan karatunsa zuwa kamun kifi a cikin watan Janairu, sai dai bayanin da ya yi mini ya ɗaure mini kai, domin cewa ya yi ruwan ne ke daskarewa har mutane su taka samansa, su huda rami, su zura ƙugiya. Ya ambaci wurare biyu: wani gari mai suna Sainte-Anne-de-la-Pérade, da wani tabki da abokan nasa suka saba zuwa su kaɗai. Ban ba shi amsa ba tukuna, don ba na son in hana shi abin da ba shi da aibi, ba na kuma son in yarje masa abin da ban san haɗarinsa ba. Wane kauri ƙanƙara za ta yi kafin ta ɗauki mutum? Yaya kifi ke rayuwa a ƙarƙashinta, har a kama shi? Me ya kamata ya riƙe idan zai tafi? Wanda ya sani ya taimake ni, Allah ya saka da alheri.

Jikan masunta, Gidimuni:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar ƙanƙara na bar wa waɗanda suka taka ta, amma halin kifi a lokacin sanyi mun gaje shi a bakin tabkin Gidimuni. Idan hunturu ya kankama, tarwaɗa da karfasa suna rage yawo, su koma inda ruwa ya fi zurfi, cin abincinsu ma ya ragu ƙwarai. Mai fatsar da ya cika ƙugiya da ƙatuwar tana kamar yadda yake yi da damina yakan wuni bai ji an taɓa ba, alhali wanda ya ƙanƙanta ƙugiya, ya sa siririn zare, ya zauna shiru, shi ke komawa gida da na miya. Idan ɗan sanyinmu na Disamba yana yi wa kifi haka, ina ga ruwan da samansa ya daskare? Ku gaya masa ya rage girman komi, ya rage motsi, kada kuma ya yi gaggawar fizge zare.

Ɗan Zango mazaunin Kebek:

Baba, barka da ƙoƙari, kuma kun yi daidai da kuka tsaya tambaya. Wuraren nan biyu da ya ambata ba ɗaya ba ne ko kusa, kuma a nan ne hukuncinku ya kamata ya rabu.

Sainte-Anne-de-la-Pérade gari ne da ke tsakanin Trois-Rivières da birnin Kebek. Kowace shekara, daga 26 ga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu, ana jera ɗaruruwan ƙananan bukkokin katako a saman kogin Sainte-Anne da ya daskare, domin a lokacin ne wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira poulamon ke haurowa daga kogin Saint-Laurent don ya zuba ƙwai. Tun 1938 aka gano kifin a wurin, har abin ya zama sana'ar garin. Masu bukkokin ne ke lura da ƙanƙarar, su ne ke dumama ɗakin, su kuma ke yanke dogon rami a daɓensa, su rataye zaruruwa a jere daga wani katako da ke sama. Akan ɗaura tsinken ashana a jikin kowane zare, idan ya motsa ka san kifi ya ci, sai ka jawo da hannu. Iyaye na zuwa da ƙananan yara. Idan can zai tafi, ni ban ga dalilin hana shi ba.

Tabkin da abokai ke zuwa su kaɗai shi ne abin dubawa, domin a can babu mai auna maka ƙanƙara sai kai da kanka. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta ce ana buƙatar kaurin santimita 15 ga mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa, santimita 20 ga taron mutane, santimita 25 ga babur ɗin da ke gudu bisa dusar ƙanƙara. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a Amurka ta sassauta kaɗan, ta ce santimita 10 na sabuwar ƙanƙara garai-garai na ɗaukar mai tafiya a ƙasa, amma ga baƙo irin ƙanena gara ya riƙe adadin Kanada. Launi ma yana magana. Wadda ta yi garau, mai ɗan shuɗi ko baƙi-baƙi, ita ce mafi ƙarfi. Fara mai kama da madara, wadda dusar ƙanƙara ta jiƙe ta sake daskarewa, ƙarfinta kusan rabin na farkon ne, don haka sai an ninka kaurin. Mai ruwan toka kuwa alamar ruwa ce a cikinta, ba a taka ta sam.

Abin da ya fi cin mutane shi ne zaton cewa tabki ɗaya kauri ɗaya yake da shi. Inda rafi ke shiga ko fita, ƙarƙashin gada, kusa da duwatsu da ciyayin ruwa, da inda maɓuɓɓuga take a ƙasa, duk ƙanƙarar tana sirancewa, kuma dusar da ta lulluɓe samanta tana ɓoye wannan rauni, tana ma hana ta ƙara kauri. Shi ya sa wanda ya iya yake tafe da dogon sandan ƙarfe mai kaifi yana dukan gabansa kafin ya ɗaga ƙafa, yana kuma huda rami lokaci-lokaci ya zura ma'auni. Sawun mutane ko na mota da aka gani a saman tabki shaidar jiya ce, ba ta yau ba.

Game da rayuwar kifin, Baba, hikimar Ubangiji ce a halittar ruwa: ya fi nauyi a wajen digiri 4, don haka ruwan da ya kai wannan sanyi yakan nutse ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya tsaya a sama ya daskare, ƙanƙarar kuma ta zama murfi mai kare na ƙasa. Kifin yana nan da ransa, jikinsa ne kawai ya yi sanyi, kamar dai yadda ɗan'uwanmu na Gidimuni ya faɗa. Ana huda ramin da wani mahudi mai murɗaɗɗen ƙarfe, faɗinsa santimita 15 zuwa 25, a kwashe ɓarɓashin ƙanƙara da ludayi mai huda-huda. Sandar fatsar gajeriya ce, ba ta kai mita ɗaya ba, tunda a bakin ramin kake zaune. Sai ka saki ƙugiya har ta taɓa ƙasa, ka ɗago ta kamar taƙi ɗaya, ka riƙa girgiza ta a hankali kana tsayawa, kuma yawanci a lokacin tsayawar ne kifin ke ci, cin da ba ya wuce ɗan rawar bakin sanda. Kifin perchaude yana yawo garke-garke da rana, doré ya fi ci da asuba da gab da faɗuwar rana, brochet mai haƙora kuwa yana fako a gefen ciyayi. Idan ka yi kamar minti 20 a rami shiru, ka matsa ka huda wani, domin kifin ba zai zo nemanka ba a irin wannan sanyi. Ya kuma tabbata ya yanki takardar izinin kamun kifi idan tabki zai je, ya san adadin da doka ta yarda ya ɗauka, ya kuma sani cewa tun 2017 Kebek ta haramta sa ƙananan kifaye masu rai a ƙugiya.

Hajiya, Sabon Gari:

Malam, ka gafarce ni, ni uwa ce, kuma ra'ayina dabam. Karatu aka tura yaron nan, ba kamun kifi ba. Duk wannan lissafi na santimita ga wanda ya tashi a cikinsa ne, shi kuwa bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai bana, kuma ban san ko ya iya iyo ba, tunda yaranmu na cikin gari ba su da inda za su koya. Tafiyar samari su kaɗai ita ce ke tayar mini da hankali, domin idan ɗaya ya ce a ƙara gaba, kunya ba za ta bar baƙo ya ce a tsaya ba. Idan har za a bar shi, to a tsaya a garin nan mai bukkoki, tabkin kuwa a bari sai ya ƙara sanin ƙasar.

Ma'aikaciyar jinya, Garin Malam:

Baba, ina tare da Hajiya a kan tabkin, amma ko ina zai je akwai abin da ya wajaba ya haddace, domin iya iyo kaɗai ba ya ceton wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya shahara da bincike kan faɗawa ruwan sanyi, ya taƙaita abin da lambobi uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi ne ke ƙwace wa mutum, ya riƙa haki ba da sonsa ba, kuma mai firgita a nan yake shaƙar ruwa. Aikinsa kawai ya tsayar da kansa bisa ruwa har numfashin ya daidaita. Bayan haka yana da kamar minti 10 kafin hannuwa da ƙafafu su daina yi masa biyayya, sa'annan kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar masa da hankali. A cikin minti goman nan zai juya ya fuskanci inda ya fito, tunda ƙanƙarar can ta riga ta ɗauke shi, ya shimfiɗa hannuwa a kanta, ya riƙa harba ƙafafu har jikinsa ya kwanta bisa ruwa, ya ja ciki ya fito, kuma kada ya miƙe tsaye, mirginawa zai yi har ya yi nisa da ramin. Akwai wasu tsinkayen ƙarfe guda biyu masu mariƙi da ake ratayawa a wuya don a cake su a ƙanƙara a ja jiki, ba su da tsada, kada ya fita ba su. Idan abokinsa ne ya faɗa, kada ya ruga wurinsa: ya kira lambar gaggawa ta 911, ya kwanta rub-da-ciki daga nesa, ya jefa masa igiya.

Sai tufafi. Kada ya sa auduga a jikin fata, don tana riƙe gumi ta koma sanyi. Ulu ya fi, a sa shi hawa-hawa, da takalmi mai hana ruwa, da safar hannu ta canji. Sanyin digiri 20 ƙasa da sifili ba baƙo ba ne a Kebek cikin Janairu. Idan yatsa, hanci ko kunne ya yi fari ya mutu, ba a murza shi, ba a kuma kanga shi a wuta, ruwa mai ɗumin jiki ake sa shi a ciki a nemi likita.

Haɗari na ƙarshe kun san shi, Baba, ko da ba ku taɓa ganin tabkin ƙanƙara ba. Yadda kaskon gawayi ke kashe mutane a rufaffen ɗaki cikin hunturu, haka na'urar dumama ta gas ke yi a rufaffiyar tanti, iskar guba ce ɗaya, marar wari marar launi. A bar kafar iska a buɗe, kuma duk wanda ya ji ciwon kai, jiri ko barci na fizgarsa, kowa ya fito waje nan take.

Malamin makaranta mai ritaya, unguwar Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya yi muku albarka baki ɗaya. Na yanke shawarar in bar shi ya je garin mai bukkoki, tabkin kuwa na bi maganar Hajiya. Saura tambaya biyu gare ka, ɗana na Zango: me ake sa wa a ƙugiyar a can, kuma yaya mutum ke yi da salla a irin wannan wuri?

Ɗan Zango mazaunin Kebek:

Amin, Baba. Gara da kuka tambayi ta farkon, domin abin da masu bukkokin suka saba bayarwa shi ne hantar alade da aka yayyanka ƙanana. Ya gaya musu tun lokacin da zai kama bukkar cewa jatan lande yake so, poulamon yana cin sa sosai, ko kuma ya sayi nasa ya tafi da shi, ya roƙi abokansa su ware masa zaruruwan da ke gefe guda.

Salla kuwa lissafi take so, saboda a farkon Janairu rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna. Ya yi alwala kafin ya baro gida, ya tafi da ruwan ɗumi a fulas da tawul idan ta karye, kuma kada ya fita waje da jiƙaƙƙen hannu ko fuska sai ya goge sarai. Bukkar tana da ɗumi, kuma mutum ɗaya zai iya samun gurbin shimfiɗa darduma idan abokan suka ɗan matsa, sai dai ya nisanci bakin ramin, don katakon wurin yakan jiƙe ya yi santsi. Ya sayo ƙusoshin roba da ƙarfe da ake ɗaura wa a ƙasan takalmi, domin daga inda ake ajiye mota zuwa bukkar duk bisa ƙanƙara zai taka.