Me za mu kira Abzeichen da Emaille da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ana shirya bayani da Hausa kan ƙananan ƙarafan da 'yan jam'iyyun yankuna a Jamus suke maƙalawa a kwala, irin na Jam'iyyar Jama'ar Bavariya, BVP, wadda aka kafa a Regensburg a 1918 ta rushe a 1933, da na jam'iyyar yankin Hanoba mai alamar farin doki. Jamusawa na kiransu Abzeichen. Lamba za mu ce, ko tambari?

Mai fassara: Wa alaikumus salam, Malam. Tambari shi ne zanen, kamar dokin nan na Hanoba, ko a tuta yake ko a takarda. Lamba kuma hankalin mai karatu zai tafi ga lambar yabo. Muna da bajo, kowane ɗan makaranta ya san shi. A ce bajon jam'iyya.

Mai tarawa (mai tara tsoffin bajoji): Bajo ya zauna, amma a raba shi uku, don a kasuwa darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai bajon ɗan jam'iyya, ƙarami mai nauyi. Akwai bajon taro, na siririn ƙarfe ko kwali, da ake sayarwa ranar gangami, galibi da sunan gari da shekara a jiki. Sai wanda ake ba wanda ya daɗe a jam'iyya, shi kam lambar yabo ta dace da shi. Inda na fi son mu tsaya shi ne Emaille, ruwan launin da ke fuskar bajon, domin nan ake cutar masu saye.

Mai fassara: Fenti mana.

Maƙerin fari: A'a, Malam, fenti zai ɓatar da mutane. Garin gilashi ne ake cika ramukan zanen da shi, a gasa a wuta mai zafin wajen digiri 800 har ya narke ya kama tagullar, sannan a goge shi ya yi daidai da ƙarfe. Irin abin da ke jikin kwanon samira ne, ɓantarewa yake yi idan ya bugu, ba ya saɓulewa. Ni shafen gilashi zan ce. Na jabu kuwa ƙaron zamani ne da ake zubawa ba wuta, a kira shi shafen ƙaro.

Mai tarawa: Wannan rabon ya yi amfani ƙwarai. Shafen gilashi yana da sanyi a taɓi, bakin allura ba ya shigarsa, kuma tsagewarsa kamar gashi take. Shafen ƙaro allura na barin sawu a kansa, sau da yawa yakan yi ƙyalli a ƙarƙashin fitilar duba kuɗi. A gwada a can gefe, ba a tsakiyar zane ba. Bajon da aka ce na shekarun 1920 ne, aka same shi da ƙaro, ko dai jabu ne ko gyararre.

Maƙerin fari: Sai maganar jikin ƙarfen, ita ma muna da kalmominta tun kaka da kakanni: bugu da zubi. Masana'antun biranen Munik da Pforzheim da Lüdenscheid bugawa suke yi da hatimin ƙarfe, shi ya sa haruffa ke fitowa da kaifi. Mai jabu yakan ɗauki siffar na gaske ya yi zubi. Ƙarfe na tsukewa idan ya huce, don haka na zubi yakan ɗan gaza girma, gefunansa su dakushe, bayansa ya yi ƙananan ramuka. Madubi mai ƙara girma sau 10 da sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram sun isa, muddin akwai sahihin bajo da za a gwada da shi. A duba dalmar da ta riƙe allurar baya: idan tana sheƙi alhali jikin ya yi duhu, an sake allurar. Kada a goge tsohon bajo, dattin shekarun nan shaida ne.

Mai tarawa: Rubutun baya ma a karanta shi. Ges. gesch. yana nufin doka ta kare zanen, amma masu jabu na kwafarsa, shi kaɗai ba hujja ba ne. Haruffan DRGM alamar rajistar ƙirar kaya ce ta zamanin daular Jamus tun 1891, DBGM kuma ta Jamus ta Yamma ce bayan Yaƙin Duniya na Biyu. DBGM a bajon BVP ƙarya ce tsagwaronta, amma a na Bayernpartei, wata jam'iyyar Bavariya da aka kafa a 1946, babu laifi. Launin fari da shuɗi da dukkansu ke amfani da shi na sa a rikita jam'iyyun biyu.

Mai tambaya: Na gode, malamai. Za a rubuta bajon jam'iyya, bajon taro, lambar yabo, shafen gilashi da shafen ƙaro, bugagge da na zubi.

Mai fassara: A bar sunan Jamusancin sau ɗaya a farkon bayanin, saboda wanda zai nemi kayan a kundin gwanjo.