Haɗa kalkulas da ƙididdiga a shekarar Bakaloriya

A zaman da malaman lissafi da iyaye suka yi a Garwa, a ƙasar Kamaru, yawanci sun yarda cewa ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare, mai shirin jarrabawar kammalawa ta Bakaloriya, zai iya riƙe kalkulas da ƙididdiga tare, muddin aljabararsa ta zauna, domin a nan ne yara suka fi yin tuntuɓe. Wani malami ya ce kalkulas, wadda ke auna saurin sauyi, tana son atisaye kullum, ko da minti 30 ne bayan sallar isha'i, ita kuwa ƙididdiga, wato ilimin tattara alƙaluma da nazarinsu, sai an fahimci tambaya kafin a ɗauki alƙalami. Na gamsu ƙwarai da gargaɗin da aka yi wa masu burin karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ngaundere, cewa kada su raina ƙididdiga. Wanda ya sha wuya a jarrabawar Probatuwar kuwa, wadda ake yi shekara guda kafin Bakaloriya, an ce ya gyara tushensa tun lokacin hutu.