Birkin tirela na zubar da iska, maigida yace in lallaɓa in kai kaya Legas, ya zanyi?

Direban_DAF:

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da duk wanda ya san harkar manyan motoci. Dan Allah shawara nake nema, wallahi kwana biyun nan ko barcin kirki bana samu. Shekarata 4 ina jan tirelar wani bawan Allah a nan Kano, DAF ce, yawanci riɗi ko waken suya muke ɗauka daga Dawanau mu kai Legas, in zamu dawo mu ɗauko duk abinda Allah ya hore. To tun tafiya biyu da suka wuce motar ke zubar da iska, in na taka birki na riƙe ƙafata a kai da idona nake ganin allurar geji tana sauka, birkin bodi kuma kusan babu shi birkin kan motar ne kawai ke tsayar da mu, ga tayar gaba ta ɓangarena ta yi ƙulu a gefe. Wancan satin a gangaren Okene salati kawai na riƙa yi, yaron motata har ya kama ƙofa zai dira.

Sau 3 ina faɗa wa Alhaji, amsar ɗaya ce kullum, wai in lallaɓa in je in dawo in an biya kuɗin lodin nan sai a shiga gareji a yi gyaran gaba ɗaya, haka yace wancan karon ma. Jiya ya turo min dubu 20 wai in ba bakanike ya ɗan ɗaure inda ke yoyon. Ran Alhamis akwai lodi. In nace ba zan je ba akwai direbobi sun fi 5 zaune suna jiran a miƙa musu makulli, ni kuma ga mata ga yara 4 ga kuɗin haya ya kusa. Ku da kuka riga mu a sana'ar nan ya kuke yi da irin wannan?

Baban Mararraba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka ɗauki lodin nan. Na fara da wannan ne don kar ka karanta dogon zancena ka rasa inda na dosa.

Na yi shekara sama da 30 a kan sitiyari kafin ido ya sa na ajiye, tun ana jan Mercedes 911 har aka zo kan su MAN da DAF, kuma kalmar nan ta "lallaɓa" na ji ta daga bakin masu mota fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Mota mai zubar da iska a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya tana iya ruɗinka ka ga kamar lafiya lau, don kwamfuresa na mayar da abinda ke fita, ranar da zaka gane kuskurenka ita ce ranar da ka shiga dogon gangare da tan 30 a bayanka kana taka birki kana saki kana takawa, iskar na ƙarewa fiye da yadda take taruwa. A Hawan Kibo na rasa wanda muka yi karen mota tare muna yara, shi ma birkin bodinsa ba ya ci, an ce ya kai kayan ya dawo a gyara. Ni na je na ɗauko gawarsa muka kawo gida. Maigidan ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, bai yi wata 2 ba ya sayo wani kan ya ba wani direba, yaran marigayin kuwa 'yan uwa muka rarraba.

Ƙarfin direba yana nan ne kafin a yi lodi. Da zarar an ɗora kaya an ɗaure tamfol an rubuta maka takarda to ka shiga tarko, mai kaya zai dame ka da waya, dillali zai dame ka, maigida zai ce kai ka ja masa asara. Saboda haka tun yau ka je ka same shi ido da ido, kar ka tsaya a waya, kuma ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko shugaban tashar ku ko limamin unguwarsu. Kar ka ɗaga murya. Ka ajiye makullin a gabansa kace Alhaji motarka ce kuma ina son aikina, amma birki da tayar gaba ba zan hau titi da su haka ba. Ni a rayuwata abu 3 ne ban taɓa yarda an lallaɓa ba, birki da sitiyari da tayar gaba. Fitila ko gilashi ko kujera ta yage duk na sha haƙuri da su.

Bakanike_Panteka:

Oga direba sannu da ƙoƙari. Ni aikin birkin iska nake yi a Kaduna, bari in faɗa maka me "ɗaurewa" take nufi don ka san me ake so ka saya da dubu 20 ɗin nan. In robar cikin tukunyar birki ta fashe a ƙafa ɗaya, abinda wasu ke yi shine su lanƙwasa tiyon da ke kai mata iska su ɗaure da waya, yoyo ya tsaya geji ya cika kowa ya yi murna, amma wannan ƙafar ta daina birki kwata-kwata. An yi maka haka a ƙafa 2 ko 3 sai ka zama kana jan bodi wanda turo ka kawai yake yi, ka taka birki da ƙarfi a kwana ko ana ruwa bodin ya zagayo ya naɗe da kai. Wallahi ni na daina yin wannan aikin ko nawa za a bani.

Ka gwada ta da kanka kafin ka je wajen Alhajin. Ka sa waigi (abin tokare taya) a taya, ka tada mota iska ta cika ta kai wajen 8 a geji, ka kashe inji ka saki birkin hannu, ka taka birki ka riƙe minti 1 cur kana kallon allura. In tana ta sauka bata tsaya ba to yoyon babba ne, yaronka ya zagaya da ruwan omo yana shafawa a tiyo da mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Ka ja zoben ƙasan tankin iska ma ka gani, in ruwa da baƙin mai ke fitowa to kwamfuresar ma ta fara gajiya. Ka sa yaron ya ɗauki bidiyon duk wannan da waya.

Abin takaicin shine sau da yawa gyaran bai kai yadda masu mota ke tsoro ba, roba ce da tiyo da leni da a daidaita birkin. Tayar ce mai tsada. Ita kuma taya mai ƙulu wayar cikinta ce ta tsinke, ba faci ba dabara, in tayar baya ce cikin biyu ta fashe kana iya rarrafawa ka faka, ta gaba in ta fashe da lodi sitiyari ƙwacewa yake. In za a sayo ta hannu ka duba lambobi 4 ɗin nan na gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2319 kenan sati na 23 a 2019, kar a baka wadda ta tsufa a ajiye don kawai zanenta na da kyau.

Alh. Mai Tirela Biyu:

Ni mai mota ne, kuma ba zan kare wanda ya tura direba da birki mara kyau ba, kuskure ne babba kuma amanar rai ce Allah zai tambaye shi. Amma ku ji namu ɓangaren ma. Tun da gas ya haura dubu dala kuma ta tashi, kayan gyara a Ƙofar Ruwa sun ninka, kuɗin lodi bai ninka ba, ga kuɗin da ake karɓa a shingaye tun daga Kano har Ogere, ga mai kaya ya riƙe maka balas wata guda. Sannan a gaskiya wasu direbobin su suka ɓata lamarin, sai a kira ka daga Mokwa ace kwamfuresa ta mutu ka tura kuɗi, mota ta dawo ka duba ka ga tsohuwar ce a jiki an wanke ta. Wanda aka yi wa haka sau 2 ko gaskiya aka faɗa masa sai ya ɗauka damfara ce.

Shawarata gare ka malam direba, kar ka nemi kuɗi a hannunka. Kace masa ya turo bakaniken da shi ya yarda da shi ya duba, ya sayi kayan da kansa. In har ya ƙi wannan ma to ba rashin kuɗi ke damunsa ba, ka nemi wani ubangidan.

Ɗan Tanka 45:

Alhaji mun ji, kuma akwai ɓata gari a cikinmu ba musu. Amma mutumin nan shekara 4 yana jan motar, in ɓarawo ne ai da tuni an gane. Kuma in motar ta kashe mutane a Felele wa jama'a zasu rufar wa? Direba. Wa 'yan sanda zasu kulle a kai kotu kan tuƙin ganganci? Direba. Mai mota yana gida sai dai ya turo lauya ya karɓi motarsa. Mu a ɓangaren tanka ɗan sauƙin da muke samu shine 'yan Road Safety na duba mota a defo kafin lodi, kuma tun bayan fashewar tankokin mai a Majiya a 2024 da mahaɗar Dikko a farkon 2025 aka ƙara matsawa har aka hana masu lita dubu 60 ɗaukar mai, to in nace mota bata da lafiya ina da abin fakewa. Ku masu busasshen kaya ba mai duba ku a Dawanau, kai kaɗai ne mai cewa a'a.

Abu Hanifa:

Ƙari a kan maganar Baba. Duk abinda ka faɗa wa maigidan da baki ka sake tura masa a WhatsApp, saƙon murya da bidiyon gejin da hoton tayar, cikin ladabi, kuma kar ka goge. Ka kai maganar ofishin ƙungiyarku na tasha ma su sani tun kafin Alhamis, su suna da hanyar yin magana da 'yan NARTO, ƙungiyar masu motocin haya, in maigidan na ciki, kuma in sun san dalilin da ya sa ka ajiye makulli da wuya wani ɗan ƙungiya ya ɗauka a rufe. A doka akwai kotun ma'aikata, akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikaci ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, matsalar ita ce yawancin direbobinmu ko takardar ɗaukar aiki basu da ita balle a yi musu rajista, shi ya sa wannan saƙon na waya shine kusan shaidar da kake da ita in an zo ana cewa kai ka yi sakaci.

Maman Ilham:

Yayana ni matar direba ce. Ka faɗa wa matarka gaskiyar halin da motar ke ciki, kar ka ɓoye mata don kar hankalinta ya tashi. Wallahi da a ce min maigidana ya hau mota ba birki don kuɗin haya gara mu koma ɗaki ɗaya a gidan iyayensa. Kuma ka tuna yaron motar nan shi ma ɗan wasu ne, amanarsa na hannunka.

Direban_DAF:

Na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya ya jiƙan abokinka. Na yi gwajin da oga bakanike yace, kafin minti 1 ya cika har ƙararrawar iska ta fara kuka, kuma da muka shiga ƙarƙashi sai muka tarar ashe tun kafin wannan yoyon akwai ƙafa ɗaya a bodi da aka taɓa ɗaure tiyonta da waya ni ban ma sani ba, ina jin tun lokacin da na yi jinya wani ya ja ta. Na tura wa Alhaji bidiyon, da la'asar muka je gidansa da shugaban tasharmu na mayar masa da dubu 20 ɗinsa da makulli. Da farko ransa ya ɓaci yace ina so in tona masa asiri a tasha, shugaba ya yi ta bashi baki, ƙarshe dai ya yarda gobe bakanikensa zai zo ya yi birkin duka har na bodi. Taya ce bamu daidaita ba, shi yana so a ciro ɗaya daga baya a mayar gaba a kai mai ƙulun baya, ni nace mai ƙulun dai a cire ta daga motar gaba ɗaya ko safaya ban yarda ta zama ba. Lodin Alhamis an ba wata motar, kuma har yanzu bai ce min in zo in karɓi makullin ba. Oga bakanike dan Allah in ta bayan da za a kawo gaban 2021 ce kuma zanenta da saura, zata iya kai ni Legas in dawo ko in dage sai sabuwa?